Kurakuran da ayari ke yi a ziyarar gidajen tarihi da kallon kabewa a bakin Kogin Hudson

Duk shekara idan kaka ta kama, ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa, 'yan uwanmu mazauna Bronx da sauran unguwannin New York kan haɗa kuɗin mota su nufi arewa, bakin Kogin Hudson. Da rana a zaga tsofaffin gidajen attajirai, da dare a je gidan Van Cortlandt a garin Croton kallon kabewa fiye da 7,000 da aka sassaƙa aka kunna wa wuta a ciki. Tafiya ce mai daɗi, amma ina ganin ayari da yawa na dawowa da ɓacin rai saboda abubuwan da tun daga gida ya kamata a gyara.

Babban kuskure shi ne a tashi ba tikiti a hannu, ana cewa in mun je ma saya a ƙofa. Wannan kallo, wanda aka fara tun 2005, a intanet ake sayar da tikitinsa, kuma kowane tikiti da lokacin shigarsa a rubuce. Daren Asabar na watan Oktoba kan ƙare da wuri, balle kusa da 31 ga wata. Madugu uban tafiya ya karɓi kuɗin kowa tun farkon Satumba, ya saya gaba ɗaya a lokaci guda. In aka bar kowa ya sayi nasa, sai ka ga uwa ta samu ƙarfe bakwai, 'ya'yanta ƙarfe tara.

Daga nan sai maganar Magariba, wadda masu shirya tafiya ke mantawa har sai rana ta faɗi ana cikin layi. A ƙarshen Oktoba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, bayan an mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba kuwa kafin biyar ta faɗi. Ku zaɓi lokacin shiga da zai ba ku damar yin salla a natse tukuna, ku zo da darduma da ruwan alwala a mota. Sanyin bakin kogi da dare ya fi na cikin birni cizo, kallon kuma a waje yake, a ƙafa, cikin duhu. Dattijuwa da ta fito da mayafi mara kauri da takalmi silifa za ta sha wuya. Rigar sanyi, safa da takalmi rufaffe, kowa da kowa.

Akwai kuma kwaɗayin gani duka a yini ɗaya. Wani zai sa gidan Lyndhurst na Tarrytown, wanda aka gina a 1838 attajirin jiragen ƙasa Jay Gould ya saya a 1880, ya ƙara da Kykuit na zuri'ar Rockefeller, sannan ya ce a leƙa Hyde Park gidan shugaba Franklin Roosevelt. Hyde Park na can arewa da nisa, tafiyar yini ce mai zaman kanta. Gida biyu sun isa. Kykuit ma ba a shiga da motar kai, kuma akwai matakala da yawa, don haka a duba ko a buɗe yake a ranar, a kuma tambayi shekarun yaran da ake bari su shiga.

Amma kuskuren da ya fi damuna shi ne yadda muke wuce gidan Philipsburg na Sleepy Hollow da sauri, don ba shi da kwalliyar sauran. Injin niƙa ne da ruwa ke juyawa, da rumbu, da ɗan gida farin fenti. Sai mutane su ɗauki hoto a kan gada su koma mota. Alhali a nan ne tarihin da ya shafe mu yake. Lokacin da mai gidan, Adolph Philipse, ya mutu a 1750, takardar ƙidayar dukiyarsa ta lissafa bayi 23 'yan asalin Afirka, maza da mata da yara, a jere da shanu da kayan aiki. Cikinsu akwai Caesar, wanda shi ke tafiyar da injin niƙan alkama. Garin da suka niƙa har tsibiran Karebiyan ake kai shi a jirgin ruwa. Yaranmu da yawa sun taso suna zaton bauta a jihohin kudu na ƙasar Amurka kaɗai aka yi ta, ba su san sai a 1827 aka gama kawar da ita a jihar New York ba. Ku ba wannan wuri awa biyu cur. Ku tsaya ku saurari mai bayani, ku bar yara su yi tambaya, wani babba ya fassara wa iyayen da Turanci bai zauna musu ba. Na fi son ayari ya rasa Lyndhurst da ya rasa wannan.

Abinci kuma, ku dafo daga gida, waina ko dafa-duka a kula, da shayi a fulas. A wuraren nan ana sayar da ruwan tufa iri biyu, ɗaya zalla ne, ɗayan da ake kira hard cider giya ce. A tambaya kafin a miƙa wa yaro kofi.

Wanda ba shi da mota ya hau jirgin ƙasa na Metro-North layin Hudson, ya sauka a Tarrytown don gidajen, ko Croton-Harmon don kabewa. Sai dai a duba lokacin jirgin dawowa kafin a shiga kallo, a kuma ƙirga kawuna a bakin ƙofar fita, domin cikin duhu da cunkoso yaro kan ɓace wa uwarsa cikin minti ɗaya.