Yadda Ake Yanke Shawarar Tuntuɓar Ƙabilun Daji Masu Keɓe Kansu Ko Ƙyale Su

A dazuzzukan Amazon na ƙasashen Barazil da Peru da Ekwado da Kolombiya, da wani ƙaramin tsibirin Indiya da ake kira Sentinel ta Arewa, da wasu sassan Indonesiya, har yau akwai al'ummomin da ba sa hulɗa da sauran jama'a, ba sa cin kasuwa da kowa, kuma duk baƙon da ya matso kusa da su yana iya gamuwa da kibiya. Hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta Barazil, wato FUNAI, tana da rahoton irin waɗannan al'ummomi fiye da 100, ko da yake waɗanda ta tabbatar da samuwarsu kusan 30 ne kawai. Bayanin da ke tafe an yi shi ne domin ma'aikacin gwamnati, da ma'aikacin lafiya, da ɗan jarida, da mai wa'azi, da duk maƙwabcin da ya tsinci kansa a bakin iyakar irin waɗannan mutane, kuma ya fi dogara ga abin da Barazil ta koya, domin ita ce ƙasar da ta daɗe tana gwada hanyoyin biyu, na tuntuɓa da na ƙyalewa, ta kuma ga ƙarshen kowace.

Abin da ya kamata a fara da shi shi ne a kawar da zaton cewa mutanen nan ba su san da duniya ba. Sun san da ita sarai, suna jin ƙarar injin yankan katako, suna ganin jiragen sama, wasunsu ma suna riƙe da adduna da tukwanen ƙarfe da suka ɗauka a sansanonin baƙi. Da yawa daga cikinsu jikokin waɗanda suka tsere ne a zamanin cinikin roba, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da ake kama mutane ana bautar da su wajen tatsar itatuwa. Ƙabilar Mashco Piro ta Peru, alal misali, ta nutsa cikin daji ne bayan kisan gillar da mutanen attajirin roba Carlos Fitzcarrald suka yi mata a 1894. Saboda haka keɓewar tasu shawara ce da suka yanke bisa abin da kakanninsu suka gani, kuma wanda zai tunkari lamarin ya ɗauka cewa an riga an ba shi amsa tun kafin ya yi tambaya.

Bayan wannan sai a auna abin da haɗuwar kan jawo, kuma a nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani mai tsawo. Jikin waɗannan mutane bai saba da mura da ƙyanda da tarin fuka ba, don haka cutar da wani zai kwana biyu da ita ya miƙe, su takan kwantar da ƙauye ɗungurungum a mako guda. Cutar kanta tana kisa, amma abin da ya fi kisa shi ne kwanciyar kowa a lokaci ɗaya, domin ba mai ɗebo ruwa, ba mai zuwa farauta, ba mai hura wuta, uwa tana kwance jaririnta yana kukan yunwa. An tuntuɓi ƙabilar Panará a 1973 sa'ad da ake gina hanyar mota daga Cuiabá zuwa Santarém ta tsakiyar ƙasarsu, kuma zuwa 1975 mutum 79 kaɗai suka rage, aka kwashe su a jirgi zuwa gandun Xingu da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasa. A Peru, ƙabilar Nahua ta haɗu da masu saran katako a 1984, bayan masu neman man fetur sun buɗe hanyoyi a yankin, kuma cikin 'yan shekaru kusan rabin jama'arta suka mutu.

Abin lura shi ne ba mugaye kaɗai suka jawo wannan asara ba. Tun 1910 da aka kafa hukumar farko ta kare 'yan asalin Barazil a ƙarƙashin Cândido Rondon, wanda ya hori mutanensa da su yarda a kashe su in ta kama amma kada su kashe kowa, aikin hukuma shi ne ta jawo ƙabilun daji da kyautar adda da gatari da madubi har su saki jiki. Ma'aikatan da suka yi wannan aiki da kyakkyawar niyya su ne suka riƙa binne mutanen da suka jawo. A 1987, bisa jagorancin Sydney Possuelo, wanda shi kansa ya jagoranci irin waɗannan tafiye-tafiye, FUNAI ta sauya manufa, ta daina neman haɗuwa da su, ta koma ga tsare musu ƙasa. Peru ta kafa doka makamanciyar wannan a 2006, sannan ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙa'idoji a kan haka a 2012. Don haka matsayin da ake farawa daga gare shi shi ne a ƙyale su, kuma wanda ke son a yi akasin haka shi ne zai kawo hujja.

Ƙyalewa kuwa aiki ne mai wuya, kuma yana farawa da tabbatar da cewa suna wurin ba tare da an yi ido biyu da su ba. Ana tattara labari daga ƙabilun da ke maƙwabtaka da su, ana duba hotunan tauraron ɗan'adam ko za a hango gonakin rogo da ayaba da rufin manyan bukkoki, sannan ƙwararrun ma'aikata su shiga daji da ƙafa a lokacin da ake kyautata zaton mutanen sun yi nisa. Abin da suke nema shi ne sawun ƙafa, da rassan da aka karya da hannu a gefen hanya, da bukkar wucin gadi, da tokar murhu, da ƙoƙon kunkurun da aka ci, da kogon itacen da aka fasa don ɗibar zuma. Duk abin da aka gani a ɗauki hotonsa, a rubuta inda yake, a bar shi yadda aka same shi, kada a taɓa kuma kada a ɗauka. Idan aka tarar da kibau biyu ko sanduna biyu an gicciya su a kan hanya, to an rufe hanyar ke nan, kuma tafiya ta ƙare a nan. Wajibi ne kuma a ɓoye ainihin wurin da aka ga alamun, domin taswirar da za ta taimaki hukuma ita ce dai za ta taimaki mai haƙar zinariya da mai neman suna.

Da zarar an tabbatar, sai a rufe ƙasar da doka. Kundin tsarin mulkin Barazil na 1988 ya amince wa 'yan asalin ƙasa da haƙƙin yankunan da suka gada, kuma inda ba a kammala shata iyaka ba, FUNAI takan fitar da umarnin wucin gadi da ke hana kowa shiga. Da irin wannan umarni aka tsare wa wani mutum guda kimanin hekta 8,000 a yankin Tanaru na jihar Rondônia, bayan an hallaka dukkan danginsa, ya kuma rayu shi kaɗai fiye da shekara 25 yana ƙin duk wanda ya neme shi, har aka tsinci gawarsa a watan Agusta na 2022. Akwai masu ganin wannan ɓarnar ƙasa ce a kan mutum ɗaya, amma a ganina irin wannan lissafi ne ke sa masu kiwon shanu da masu katako su ga ribarsu tana cikin rage yawan mutanen daji.

Takarda kaɗai ba ta tsare daji. Dole a kafa sansanonin tsaro a bakin koguna, domin a Amazon kogi shi ne hanya, kuma wanda ya tsare mashigar kogi ya tsare duk abin da ke bayansa. Kwarin Javari da ke kan iyakar Barazil da Peru, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 85,000, shi ne wurin da ya fi tara irin waɗannan ƙabilu, kuma masu kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba da masu fataucin ƙwaya suna kutsawa cikinsa. A can aka kashe Bruno Pereira, ƙwararren ma'aikacin FUNAI, tare da ɗan jaridar Birtaniya Dom Phillips a watan Yuni na 2022. Duk gwamnatin da ta ce ta zaɓi ƙyalewa amma ba ta ware kuɗin jiragen ruwa da mai da albashin masu gadi ba, to haƙiƙa ta miƙa shawarar ne ga masu saran katako. Haka kuma a yi wa ƙauyukan da ke kewaye allurar rigakafi, a kula da zazzaɓin cizon sauro da mura a cikinsu, domin sau da yawa ta hannun maƙwabci cuta ke shiga, ko ta rigar da aka shanya aka ɗauke, ko ta addar da aka bari a gona.

Idan kuma aka yi kaciɓus da su ba zato, ƙa'idar gajeriya ce. A ja da baya cikin natsuwa, kada a yi ihu, kada a harba bindiga ko da sama ne, kada a bi su don ɗaukar hoto, kada a miƙa musu abinci ko tufafi, sannan a sanar da hukuma nan take. Kada kowa ya ɗauka kyakkyawar niyyarsa za ta kare shi, domin mai riƙe da baka ba ya iya bambance mai ƙaunarsa da wanda ya ƙone masa gida. Rieli Franciscato ya shafe shekaru kusan 30 yana kare ƙabilun Rondônia, amma kibiyar ɗaya daga cikinsu ce ta yi ajalinsa a watan Satumba na 2020. A tsibirin Sentinel ta Arewa, wanda dokar Indiya ta haramta kusantarsa, an kashe masunta biyu da jirginsu ya kai gaɓa a 2006, aka kuma kashe Ba'amurke mai wa'azi John Allen Chau a watan Nuwamba na 2018. Hukumomin Indiya ba su tuhumi mutanen tsibirin ba, sai dai suka kama masuntan da suka kai shi.

Wani lokaci kuma su ne da kansu ke fitowa, kuma wannan ne ya sa duk hukumar da ta zaɓi ƙyalewa dole ta kasance a shirye kamar gobe za a haɗu. A tsakiyar 2014 wasu samari suka fito ƙauyen Simpatia na ƙabilar Ashaninka, a bakin kogin Envira cikin jihar Acre ta Barazil, kusa da iyakar Peru. Da aka samo tafintoci daga ƙabilar Jaminawa, wadda harshenta ke kusa da nasu, sai suka bayyana cewa wasu baƙi sun kashe dattawansu sun ƙone gidajensu. Cikin 'yan kwanaki mura ta kama su, kuma abin da ya tsare sauran danginsu shi ne an shawo kansu suka tsaya aka yi musu magani har suka warke kafin su koma daji. Abin da ake buƙata a irin wannan rana shi ne likita da ma'aikatan jinya da aka riga aka tanada, da magunguna da allurar rigakafi a ajiye, da hanyar kai su wurin cikin sa'o'i, da tafinta, da kuma killace duk wanda zai kusance su har a tabbatar ba ya ɗauke da ko da tari. A hana 'yan kallo da 'yan kasuwa zuwa, kada kuma a ɗauki fitowar mutane kaɗan a matsayin izinin bin sawunsu zuwa inda sauran suke.

Saura tambaya mafi nauyi, wato ko akwai lokacin da hukuma za ta nemi haɗuwar da kanta. A 2015 wasu masana biyu, Robert Walker da Kim Hill, sun rubuta a mujallar Science cewa ƙananan ƙungiyoyin da masu katako da masu haƙar ma'adinai suka kewaye ba za su daɗe ba, don haka gara gwamnati ta tsara haɗuwa da likitoci a hannu maimakon ta bari a haɗu da bakin bindiga. Ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa da ƙungiyar Survival International mai fafutukar kare haƙƙin irin waɗannan ƙabilu sun yi fatali da wannan ra'ayi, suna cewa maganin kutse shi ne a kori masu kutsen. Ni ina ganin hujjar masanan tana da ƙarfi a kan takarda, amma ta dogara ga gwamnatin da za ta ajiye likitoci a tsakiyar daji shekara da shekaru, alhali gwamnatin da ta kasa biyan mai gadin kogi da wuya ta iya wannan.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take ruf ba. A watan Maris na 2019 FUNAI ta tura tawaga ƙarƙashin Bruno Pereira zuwa kogin Coari a Javari, ta sadu da 'yan ƙabilar Korubo 34, domin rikicin da ke tsakaninsu da ƙabilar Matis ya riga ya ci rayuka, kuma wasu 'yan Korubo da aka tuntuɓa tun da farko suna neman danginsu. Daga wannan ana iya fitar da sharuɗɗan da ya kamata su cika gaba ɗaya. Ya zamana akwai haɗarin hallaka na kusa wanda aka tabbatar, kuma tsaron iyaka ba zai iya kawar da shi ba. Ya zamana hukuma ce ke jagoranta, ba kamfani ko ƙungiyar wa'azi ko mai ɗaukar bidiyo ba, kuma babu wani mai hanya ko rijiyar mai da zai amfana da kawar da su daga wurin. A tafi da danginsu ko masu jin harshensu, a killace kowane ɗan tawaga kafin tashi, a kuma tanadi kuɗin kula da lafiyarsu na shekaru masu yawa tun kafin jirgin farko ya bar gaɓa, domin mura ta biyu da ta uku kan zo ne bayan 'yan jarida sun watse. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa bai cika ba, sai a ɗage tafiyar, a mayar da kuɗinta ga sansanonin bakin kogi da rigakafin ƙauyukan maƙwabta.