Yadda ake gyaran laburaren tsangayar shari'a ba tare da an rufe shi ba

Ɗalibin lauya ba ya iya yin mako guda babu laburare. Malami zai ba shi sunan ƙara da shekara da mujalladi da shafi, ya ce gobe ya zo da hukuncin. Idan mujalladin yana ƙulle cikin kwali a wani sito, karatu ya tsaya ke nan. Ga kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) da Majalisar Ilimin Shari'a, waɗanda sukan duba laburare idan sun zo tantance tsangaya a Najeriya. Don haka dole a yi gyara ƙofa a buɗe.

Mataki na farko, a bar wa shugaban laburare tsara lokutan aiki, kada a bar wa ɗan kwangila. A rubuta cikin yarjejeniya cewa babu guduma a makonnin jarrabawa, a kuma fayyace wanda zai biya idan ruwa ko siminti ya ɓata littafi. Aikin rufi a gama shi kafin damina ta sauka, fasa bango kuma a bari sai dogon hutu.

Na biyu, a ware littattafan da ake nema kullum: Kundin Tsarin Mulki na 1999, tarin dokokin tarayya na 2004, rahotannin hukunci na NWLR da marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, littattafan fiƙihun Malikiyya na ɗaliban shari'ar Musulunci, da duk abin da malamai suka sa a darussan zangon. A kai su ɗaki ɗaya mai tebura da fanka. Sauran a riƙa ɗauko wa mai buƙata sau biyu a yini.

Na uku shi ne kwasa, kuma a ganina nan ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace. Laburaren shari'a da yawa suna bin tsarin jeri na Elizabeth Moys, wanda ya fito a 1968, kuma littafin da ya bar gurbinsa a irin wannan jeri kamar ya ɓata ne, ko da yana cikin ɗakin. A ba kowace kantar littattafai lamba, a ɗauki hotonta da waya kafin a taɓa ta, sannan a rubuta lambar a gefen kwali, ba a samansa ba, tunda za a ɗora wani a kai. A nemi ƙananan kwalaye. Babba idan ya cika da rahotannin kotu gindinsa yake ɓallewa. Kada lebura ya loda shi kaɗai, sai ma'aikacin laburare yana tsaye. Kada kuma a ajiye kwali a ƙasa ko a jingine da bango. A ɗora a kan katako, a riƙa leƙawa duk mako, domin gara ba ta sallama.

Na huɗu, a raba ginin kashi-kashi, a gama ɗaya kafin a shiga wani. A yi shingen katako tun daga ƙasa har silin, a liƙe shi da leda, magina su samu ƙofarsu daban. Idan aikin ya faɗo cikin hunturu, ƙura biyu ce za a yi fama da ita. Ƙofar gudun gobara ba a tare ta ko da buhun siminti ɗaya, kuma ranar walda a ajiye abin kashe wuta a kusa.

Kafin a mayar da kantoci saman bene, injiniya ya duba. Ma'aunin da ake bi a Amurka ga ɗaben da zai ɗauki kantocin littattafai ya haura kilo 700 a kowace murabba'in mita, nesa da abin da ake tanadar wa ɗakin aji.

Wuta da intanet kuwa a ja musu layi daban tun farko, domin rumbunan bayanan shari'a na intanet, LawPavilion da HeinOnline, su rage wa ɗalibai raɗaɗin abin da aka kwashe. A ƙara soket a kowane tebur tunda an riga an fasa.

Duk ranar Litinin a manna sanarwa a ƙofa, a tura wa shugabannin aji: ga ɓangaren da ke rufe, ga inda littattafansa suka koma.

Idan fenti ya bushe, warinsa ya fita, sai a mayar da littattafai bisa hotunan nan, a bi su mujalladi bayan mujalladi. Ragowar kuɗin ɗan kwangila kuma a riƙe shi har ruwan Agusta ya gwada rufin.