Ga sababbin zuwa Garwa: kewar gida da maganar takardu

Ƙannena masu shigowa Garwa ta ƙasar Kamaru daga Kano, Katsina, Mubi da Yola, sannunku da hanya. Abinci ba zai dame ku ba, akwai tuwon dawa, akwai miyar kuka da yakuwa, ga kifin tafkin Lagdo. Zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, wannan sai haƙuri. Masauki kuwa, ku nemi unguwar Hausare. Hausawan garin nan ba sa barin ɗan'uwa ya kwana a tasha, kuma ina alfahari da su a kan haka.

Abin da zai kama ku shi ne kewar gida. Takan zo ne bayan Magariba, an rufe shago, an fito daga masallaci, kowa yana gaisawa da Fulatanci, kai kuma kana tsaye da takalminka a hannu ba ka san inda za ka nufa ba. Sai ka koma ɗaki ka kira Inna, ka ƙarar da kuɗin waya, ka kwanta zuciya ba daɗi. Duk mun ɗanɗana wannan, babu abin kunya a ciki.

Inda nake jin haushinku shi ne abin da kewar take sa ku faɗa: "Ai ni ba zama na zo yi ba, baƙo raɓa ne." Da wannan maganar mutum zai ƙi koyon ko gaisuwar Fulatanci, ya biya kuɗin haya bai karɓi rasit ba, ya yi watsi da takardunsa, wai ai bayan Sallah zai koma. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo, yana nan.

Ku saurara da kyau. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin CEMAC ne, ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, tare da Chadi da Gabon. 'Yancin zama da kuka saba ji a Kwatano ko Akara bai biyo ku nan ba. Ɗan Najeriya yana shigowa ba biza, amma na kwana 90 ne kawai. Wanda zai wuce haka dole ya nemi katin izinin zama a wurin 'yan sanda. Ku tabbata an buga muku hatimi a kan iyaka ranar shigowa, kada ɗan acaba ya bi da ku ta daji don ku rage 'yan kuɗi. Ku riƙe katin rigakafin shawara, ku yi hoton kowace takarda ku ajiye daban, rasit ɗin da aka ba ku kafin kati ya fito kuma ku lallaɓa shi. Kada ku miƙa fasfo ga ɗan kamasho da ya ce ya san wani a ciki.

Akwai wani yaro ɗan garinmu mai ɗinkin hula. Kullum hirarsa gida, kullum "wata mai zuwa zan tafi". Aka bugo masa cikin dare cewa mahaifinsa yana asibiti. Da asuba ya hau mota, a shingen farko jandarma suka sauke shi, lokacinsa ya ƙare tuntuni. Na same shi zaune a kan benci, jakarsa a cinya, wayarsa tana ta ƙara ya kasa ɗauka. Kafin mu haɗa kuɗin tara a sake shi, an riga an kai tsohon makwanci. Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take, domin abin da ya fi so a duniya shi ne ya ga gida.

Duk wanda ya iso, a makon farko ya kawo fasfonsa wurin dattawan unguwa bayan sallar Juma'a, a duba ranar da aka buga masa hatimi, a haɗa shi da mai jin Faransanci ya raka shi ofis.