Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa Ceph da kwamfutocin VM a kan sabobi ɗaya

Ɗora ma'ajiyar bayanai da kwamfutocin VM (kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin sabar) a kan sabobi ɗaya, kamar yadda ake yi da Ceph (manhajar da ke haɗa faifan sabobi su zama ma'ajiya guda) a Proxmox VE (tsarin tafiyar da VM), yana rage kuɗin kaya sosai. Sai dai yawancin masu kafawa lissafin ranar lafiya kawai suke yi. Ranar da sabar guda ta faɗi, Ceph zai shiga sake kwafe bayanai a daidai lokacin da VM ɗinta ke neman wurin tashi, alhali daga tukunya ɗaya su biyun ke ci.

A RAM ake fara tuntuɓe. Ceph na ba kowane faifai ma'aikacinsa, wato OSD, kuma kowane OSD an ware masa kusan GB 4 ta hanyar osd_memory_target. Wannan adadin buri ne, ba iyaka ba, yakan haura shi lokacin farfaɗowa. Sabar mai faifai 6 ta riga ta ba da GB 24 kafin a kunna VM ko ɗaya. Idan aka raba wa VM duk abin da ya rage, Linux zai kashe wani aiki don ya samu sarari, kuma OSD na iya zama wanda abin zai faɗa wa. A cire rabon OSD da MON (mai sa ido kan yanayin Ceph) da na tsarin kansa tukuna, a ƙara rara, sannan a bar gurbin da zai ɗauki VM na sabar guda.

Cika faifai ya fi wannan haɗari. Ceph na gargaɗi a kashi 85, ya daina tura kwafi zuwa faifan da ya kai 90, a 95 kuma ya hana rubutu gaba ɗaya, VM su daskare. A gungu mai sabobi 3 da kwafi 3, kowace sabar dole ta riƙe kwafi guda. Saboda haka idan faifai ɗaya ya mutu, 'yan'uwansa na cikin wannan sabar ne kaɗai za su ɗauki kayansa. Faifai 4 da kowanne ke kashi 70, in ɗaya ya tafi, ukun da suka rage za su doshi 93. Ƙananan faifai masu yawa sun fi manya guda biyu aminci, sabar ta huɗu kuma ita ce ke ba gungun damar warkar da kansa.

Kada a sauke size (yawan kwafi) zuwa 2 da min_size (mafi ƙarancin kwafin da Ceph zai yarda ya yi rubutu a kai) zuwa 1 don neman sarari. A bar size 3, min_size 2, domin rubutu a kan kwafi ɗaya tak hanyar asarar bayanai ce.

Sai layin sadarwa. Corosync, wanda sabobin gungun ke jin junansu ta hanyarsa, ba ya cin layi da yawa, amma ba ya jure jinkiri. Idan ya raba waya da Ceph, farfaɗowa za ta toshe layin, sabar ta ga kamar an yanke ta daga gungun, HA kuwa, wato tsarin da ke tayar da VM a wata sabar idan tasu ta faɗi, ta sake kunna ta da ƙarfi duk da lafiyarta ƙalau. A ba Corosync wayarsa daban, ko da ta 1Gb ce, Ceph kuma aƙalla 10Gb. Wanda ya saka MTU (girman ƙunshin bayanan da layi ke ɗauka) 9000 ya gwada kowace sabar da ping -M do -s 8972.

SSD na kwamfutar gida da ba shi da kariyar ɗaukewar wuta yana ja da baya ƙwarai, saboda Ceph na jiran tabbacin kowane rubutu. Katin RAID, mai haɗa faifai su zama kamar ɗaya, shi ma a mayar da shi HBA, wato yanayin miƙa kowane faifai shi kaɗai, Ceph ya ga faifan kai tsaye.

Kafin a kashe sabar don gyara, a kwashe VM ɗinta, a buga ceph osd set noout. In ba haka ba, bayan minti 10 Ceph zai ɗauka faifan sun tafi ke nan, ya fara kwashe bayanai. Bayan ta dawo a cire noout, a jira Ceph ya nuna HEALTH_OK kafin a taɓa ta gaba.