Yadda za ka gane ƙwaƙwalwar wayar da ba ta shan caji kafin ka saya

A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, ga wuta ba ta zama. Wayar da ƙwaƙwalwarta ke cin batir, kafin La'asar ta ɗau zafi ta mutu a aljihunka. Shi ya sa nake damuwa in na ga mutum ya shiga shago yana tambayar kyamara kaɗai, ya manta da furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar.

Da farko ka roƙi mai shago ya kunna wayar, ka sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce. Ita za ta nuna maka ainihin sunan furosesar, don ba kowane kwali ne ke faɗa ba.

Daga nan ka duba nanomita, wato lambar da ke nuna ƙanƙantar ƙirar cikin furosesa, nan ne maganar take. Ƙaramar lamba na nufin an ƙera furosesar da sabuwar fasaha, tana aiki da wuta kaɗan, ba ta saurin zafi. Helio G85 na kamfanin MediaTek nanomita 12 ce, haka Unisoc T606. Helio G99 kuwa 6 ce, kamar Snapdragon 680. In farashinsu ya yi kusa, wallahi ɗauki mai 6, za ka ga bambanci a zafin rana.

Sai ƙwayoyin aiki, wato sassan cikin furosesar da ke raba aiki tsakaninsu. Kada "takwas ne, Alhaji" ta ruɗe ka, tambayi wane iri. A cikin G99 akwai manya biyu, Cortex-A76 masu gudun gigahaz 2.2, da ƙanana shida, Cortex-A55. Ƙananan su ke riƙe WhatsApp da kira da sauraron karatu ba tare da sun zuƙe batir ba, manyan sai aiki ya yi nauyi suke tashi. Helio A22 ƙwayoyi huɗu ne kawai, duka Cortex-A53. Ta isa Baba da kira da saƙo, amma ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai buɗe takardu da bidiyo zai sha jira.

Ram ɗin, wato inda waya ke riƙe aikin da take yi a lokacin, kada ya gaza gigabait 4, kuma na gaske, ba wanda aka ranto daga ma'ajiya ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, kunna bidiyo na minti 10, sannan ka taɓa bayan wayar kusa da kyamara. In ta yi zafin da ke damun hannu tun a inuwar shago, ajiye ta ka nemi wata.