Ga masu zuwa Ingila karatun kiyaye haɗurran jiragen sama

Bana mutum uku na tarba, kuma kafin wata ya zagayo biyu sun faɗa ramin da na taɓa faɗawa a harkar hayar ɗaki. Abin ya ishe ni, shi ya sa na zauna rubutu.

Maganar biza ba ta da tsawo. Ka karɓi takardar CAS daga jami'a, wato shaidar cewa ta ba ka gurbin karatu, kuɗinka su yi kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ba, ka yi gwajin tarin fuka. Mai digiri na biyu na shekara guda ya sani, tun Janairun 2024 ba a zuwa da iyali.

Da yawanku kuna zuwa da zaton inji za a koya muku. Ko a jami'ar Cranfield, mai filin jirgi nata na kanta, wannan fannin ɗan Adam yake karanta: gajiya, ruɗewa, da nauyin baki a gaban na sama. Za ku ji sunan James Reason, masanin halayyar ɗan Adam, har ku gaji, da misalinsa na kwatanta matakan kariya da yankan cuku mai huji-huji, wai haɗari ba ya aukuwa sai hujin sun yi saiti da juna. Za a kawo muku karon jirage biyu a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen a 1977, inda mutum 583 suka rasu. Ni wanda ya tsaya mini a rai shi ne haɗarin jirgin da ya faɗi kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila a 1989. Injin hagu ne ya samu matsala, matuƙa suka kashe na dama. Can baya cikin jirgin akwai waɗanda suka ga wuta a hagu, amma suka ɗauka matuƙa sun fi su sani. Rayuka 47 suka salwanta.

Na yi rubutu a kan wannan shirun, na ci maki mai kyau, alhali irinsa nake yi wa mai gidan hayata. Dattijo ne mai fara'a. Ranar da na tare na ga baƙin tabon danshi a bayan kabad, da tsaga a gilashin taga. Na ce ai ba a fara zama da ƙorafi ba. Ban ɗauki hoto ba, ban nemi takardar lissafin kayan ɗaki ba, kuɗin ajiya ma, wanda ake mayar wa ɗan haya in ya tashi bai ɓata komai ba, hannu da hannu na miƙa masa, ko rasit babu. Ranar tashi ya janye kabad ɗin da kansa, ya nuna mini tabon da yatsa, ya ce aikina ne. Da me zan musa? Ko sisi bai dawo mini ba.

Daga baya na san doka: kuɗin ajiya ba ya wuce hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya saka shi a tsarin da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ka tambaya, ba rashin kunya ba ne. Ka ɗauki hoton kowace kusurwa kafin ka buɗe akwati, ka tura masa ta imel ranar nan. Kuma don Allah ku daina tura kuɗi kan ɗakin da kuka gani a Facebook kawai.

Mutanenmu a nan, alhamdulillahi, ba sa barin baƙo ya kwana a tasha. Amma ka kawo yarjejeniyar haya mu karanta tare kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba, kamar yadda ɗaya daga cikin ukun nan ya yi mini shekaranjiya.