Kurakuran da ke kayar da sabon shiga a tseren keke na kiriteriyom

Tseren kiriteriyom gajeren zagaye ne da ake ta maimaitawa a kan titin da aka rufe, galibi kilomita 1 zuwa 2, cike da kwana-kwana. Na masu sha'awa yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda, daga ƙarshe a ɗaga allon da ke nuna zagayen da suka rage. Yawancin waɗanda ake bari a baya suna da ƙarfin ƙafa daidai gwargwado. Wurin da suke tsayawa a ayari da yadda suke shan kwana ne ke cinye su.

Babban kuskure shi ne laɓewa a ƙarshen ayari da sunan hutawa. Gaskiya ne wanda ke bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, amma wannan riba kwana ce ke kwashe ta. Na gaba suna wucewa ba tare da taɓa birki ba, na tsakiya su ɗan rage, na baya kuwa sai sun kusa tsayawa, sannan su miƙe su yi ta dukan feda don su cim ma sauran. Lissafa: kusurwa huɗu a zagaye 30, tashi 120 ke nan. Babu ƙafar da za ta jure. Maganinsa ka riƙe wuri a cikin mutum 10 zuwa 15 na gaba, kuma ka sani wurin ba ya zama da kansa: muddin ba ka wuce kowa ba, ana wuce ka. Lokacin matsawa gaba shi ne sa'ad da gudu ya lafa ayari ya baje. Idan aka zama layi ɗaya zur, zauna inda kake.

Sai ita kanta kwanar. Ka gama birki kafin ka shiga, domin matse shi bayan keke ya karkata yana miƙar da shi ko ya sa taya ta zame. Hannu ya sauka ƙasan lanƙwasar kan keke, inda nauyi ke danne tayar gaba, yatsu kuma na kusa da birki. Fedar waje tana ƙasa, ka ɗora mata nauyinka, ta ciki tana sama. Wanda ya ci gaba da juyawa a kwana mai tsanani, fedar ciki za ta doki kwalta, tayar baya ta yi tsalle. Ido ya kalli mafita, keke yana bin inda aka kalla. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin shiga, don kada ka fito kana fama da mai nauyi. Kuma kada ka kutsa ta ciki a makare kana neman wuce mutum biyu. Layin da ayari ya ɗauka shi za ka bi.

Abin da ya fi jawo faɗuwa shi ne tayar gabanka ta shige gefen tayar bayan wanda kake bi. Da ya ɗan kauce, kai ne a ƙasa, shi ko bai ma sani ba. Bar ɗan tazara, ka tuna cewa idan mutum ya miƙe daga sirdi kekensa yakan ɗan ja baya. Idan kafaɗa ta gogi kafaɗa, sassauta gwiwar hannu. Sandarewa ce ke kai girgizar ga taya.

Da yawa suna cika taya da iska tam, wai don gudu. Taya mai tauri tsalle take yi a kwana. A mai faɗin milimita 25 zuwa 28, mahayi mai matsakaicin nauyi yakan wadatu da psi (ma'aunin matsin iska) 70 zuwa 90, a ƙara ragewa kaɗan idan an yi ruwa. A jiƙaƙƙen titi, fentin layi da murfin ƙarfe na magudana santsi gare su kamar sabulu, sai a zagaya tun kafin a fara a gane inda suke.

Tseren yana farawa da zafi daga busar farko, don haka a ɗumama jiki minti 20 zuwa 30, da ɗan gudu mai ƙarfi sau biyu ko uku. Abinci mai nauyi a ci shi awa 2 zuwa 3 kafin lokaci. Gorar ruwa ɗaya ta isa.

A tambayi alƙalai dokar zagayen kyauta. A gasa da dama, wanda ya yi faci ko ya faɗi zai je wurin gyara a mayar da shi cikin ayari ba tare da an ƙirga masa asarar zagaye ba, amma ana rufe wannan dama a zagayen ƙarshe-ƙarshe. Haka ƙararrawar da ake kaɗawa don sanar da zagayen cin tukuici a tsakiyar tsere: wasu kan ɗauka ta zagayen ƙarshe ce, su zazzage ƙarfinsu a banza. Dubi allo.

A zagaye biyar na ƙarshe kowa gaba yake so, kuma sau da yawa jerin da aka fita da shi daga kwanar ƙarshe shi ne jerin da ake ƙarewa. Ka shiga wannan kwanar kana cikin mutum biyar na farko, ka jira sai saura kamar mita 200 sannan ka saki duk abin da ya rage, a layi miƙaƙƙe, ba kaucewa dama ko hagu har ka tsallake layin.